Yadda Ake Loda Tarakta Mai Ƙafafun Ƙarfe a Kan Tirela da Kai Ta Inda Za Ta Lafiya

GABATARWA

Tarakta babbar dukiya ce ga manomi, ga ƙungiyar manoma, da kuma ga ma'aikatar da ke bayar da ita haya. Sau da yawa ba a gona take lalacewa ba. Takan gamu da haɗari ne a lokacin da ake ƙoƙarin ɗora ta a kan tirela, ko a kan hanya, ko wajen sauke ta. Idan haka ta faru a farkon damina, asarar kan wuce kuɗin gyara, domin kafin a samo kayan gyara lokacin sharar gona da dashen shinkafa ya wuce. Mafi muni kuma, akan yi asarar rai ko wata gaɓa ta jiki.

Haɗarin ya fi yawa ga tarakta mai ƙafafun ƙarfe, wato wadda ba roba take takawa da ita ba. An shirya wannan darasi domin kai malamin gona, da kai manomi ko direban tarakta, ka fahimci dalilin da ya sa ƙafar ƙarfe ke da wuyar sha'ani, da matakan da za ka bi ɗaya bayan ɗaya tun daga shirin lodi har zuwa saukewa.

ASALIN TARAKTA MAI ƘAFAFUN ƘARFE

Taraktocin farko duka da ƙafafun ƙarfe aka ƙera su. Fordson, wadda Henry Ford ya fara ƙerawa a Amurka a shekarar 1917, da John Deere samfurin D da ta fito a 1923, da Farmall ta 1924, duk ƙafafunsu na ƙarfe ne masu haƙora da ke nutsewa cikin ƙasa. Sai a 1932 kamfanin Allis-Chalmers ya fara sayar da tarakta mai tayar roba da ake hura wa iska, kuma kafin 1940 yawancin sababbin taraktoci a Amurka sun koma kan roba. A lokacin yaƙin duniya na biyu roba ta yi ƙaranci, har kamfanin Ford ya fitar da samfurin 2N a 1942 da ƙafafun ƙarfe. A yau irin waɗannan tsofaffin taraktoci suna hannun masu adana kayan tarihi a Amurka da Turai. Tun da haƙoransu na ɓata kwalta, a kan tirela ake ɗaukar su zuwa wuraren baje koli, kuma daga nan aka tara ilmi mai yawa game da lodinsu.

Wannan ilmi ya shafe mu kai tsaye. A fadamun shinkafa da wuraren noman rani ana ɗaura wa tarakta ƙafafun ƙarfe masu kama da keji domin kada ta kafe a cikin laka yayin kwaɓa ƙasa. Haka ma ƙaramar taraktar hannu da ake bi a baya, da ƙafafun ƙarfe take aiki a cikin ruwa. Ga kuma tsofaffin taraktoci da ke ajiye a harabar ma'aikatu da makarantun koyon aikin gona, irin su Massey Ferguson, da Steyr da aka riƙa harhaɗawa a Bauchi, da Fiat da aka riƙa harhaɗawa a Kano. Da yawansu tayoyinsu sun ruɓe, a kan ƙarfen wili suke zaune, birkinsu kuma ya mutu. Duk wanda zai kwashe irin waɗannan zuwa wajen gyara, matsalarsa ɗaya ce da ta mai tsohuwar Fordson.

DALILIN DA YA SA ƘAFAR ƘARFE KE DA HAƊARI

1. Santsi. Masana sufurin kaya suna auna ƙarfin riƙo tsakanin kaya da daɓen mota. Ƙarfe a kan ƙarfe yana riƙe kimanin kashi 20 cikin 100 na nauyin kayan. Ƙarfe a kan katako yana riƙe kimanin kashi 40, shimfiɗar roba kuwa kimanin kashi 60. Ma'anar wannan ita ce, ƙarfe a kan ƙarfe zai fara zamewa da kansa idan gangara ta kai kimanin digiri 11, a kan katako sai ta kai digiri 22, a kan roba kuwa sai ta kai digiri 31. Idan akwai ruwa, ko laka, ko baƙin mai, riƙon ya ƙara raguwa.

2. Rashin laushi. Tayar roba tana lotsawa, tana shanye girgizar hanya. Ƙafar ƙarfe ba ta lotsawa. Duk ramin da tirela ta faɗa, tarakta za ta yi tsalle ta dawo da dukkan nauyinta a kan haƙora biyu ko uku. Wannan ke fasa katakon daɓe, ke kuma sassauta sarƙa.

3. Haƙora. Yayin hawa, haƙoran na iya sarƙewa a cikin tsanin hawa su fizge shi daga mazauninsa, ko su ture shi baya.

4. Tuntsurewa ta baya. Kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin tarakta mai jan ƙafa biyu yana kan ƙafafun baya. Idan ta fuskanci tudu, ƙafafun baya suka ciji wuri suka ƙi juyawa, ƙarfin injin zai ɗaga gabanta sama. Cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya takan kai matsayin da ba ta komowa, cikin kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi ta kife a kan direba. Babu mai saurin da zai tsere wa wannan.

5. Raunin birki. Birkin tsofaffin taraktoci ba shi da ƙarfi tun asali, balle bayan shekaru a ajiye.

SANIN NAUYI DA ZAƁEN TIRELA

Kada ka yi cinikin mota sai ka san nauyin taraktarka. Duba littafinta ko farantin da ke manne a jikinta. Ka tuna cewa nauyin da aka rubuta bai haɗa da ƙarafan ƙarin nauyi ba, ko ruwan da ake ɗura wa tayoyi, ko ƙafafun keji, ko garma da haro. Idan akwai ma'aunin manyan motoci kusa da kai, kamar na masana'antar casar shinkafa ko ta gurzar auduga, yi amfani da shi.

Sannan ka duba waɗannan abubuwa a jikin tirela:

a) Nauyin da aka ƙayyade mata ya zarce nauyin tarakta da duk kayan da za su bi ta. Motar da za ta ja ita ma tana da iyakar abin da take iya ja.

b) Daɓenta ya zama na katako mai kauri, marar ruɓa. Bodin tifa da daɓen ƙarfe zalla ba su dace ba, sai an shimfiɗa katako an ɗaure shi.

c) Gajeriyar tirela, wadda direbobi ke kira lobed, ta fi doguwa. Hawanta ya fi sauƙi, kuma ba ta saurin kifewa a kwana.

d) Wuraren ɗaure sarƙa su kasance a jikin ƙashin tirela, waldarsu ba ta tsage ba.

e) Birki, fitilu, tayoyi da mahaɗin tirela da mota su kasance lafiya, tare da sarƙar tsaro a mahaɗin.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Sarƙoƙi huɗu masu ƙugiya, kowace da maɗaurinta.
Waigi na katako guda shida ko fiye.
Falankai masu kaurin aƙalla santimita 5.
Tsofaffin tayoyi da aka tsaga, ko tsohon bel na roba mai faɗi.
Na'urar ja, wadda makanikai ke kira winci, ta batir ko ta hannu.
Gungumen katako na tokare bayan tirela.
Safar hannu, takalmi mai rufi, jan ƙyalle, alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da tukunyar kashe gobara.

Game da sarƙa, ka nemi wadda aka buga wa lamba 7 ko 70 a jikin zobbanta, domin ita aka ƙera don ɗaure kaya. Mai kaurin milimita 8 tana ɗaukar aikin kimanin kilo 2,130, mai milimita 10 kuwa kimanin kilo 2,990. Sarƙar gama-gari mai lamba 30, ko da kaurinta ya kai milimita 10, aikinta bai wuce kimanin kilo 1,200 ba. Sarƙar da ba ta da lamba, ka ɗauke ta a matsayin mafi rauni. Wadda aka yi wa walda, ko aka haɗa da waya ko noti, ko zobbanta suka miƙe, ajiye ta gefe. Igiyar roba da igiyar rama ba su da gurbi a wannan aiki. Ɗamarar zare da ake ɗaure buhuna da ita kuma, gefen ƙarfe na iya yanke ta.

SHIRYA TARAKTA KAFIN LODI

1. Wanke laka daga ƙafafu da ƙarƙashin tarakta. Laka na kawo santsi, tana kuma ɗauke da irin ciyayi kamar shinkafar daji, aya-aya da ƙuduji, har da cututtukan ƙasa. Tarakta marar wanki kan kai wa fadama mai tsabta ciyawar da za a yi shekaru ana yaƙi da ita.

2. Idan ƙafafun keji ɗaurawa aka yi a gefen tayoyin roba, kwance su. Da su a jiki faɗin tarakta na iya zarce faɗin tirela. A kwantar da su a daɓe, a ɗaure su daban.

3. Cire garma, haro ko rija idan da hali, a loda su daban. Idan dole su tafi a jiki, za a sauke su har ƙasa bayan an gama lodi, a ɗaure su da tasu sarƙar.

4. Haɗa fedar birkin hagu da ta dama da makullinsu. Taka gefe ɗaya a kan tsani na juya tarakta ta faɗo.

5. Gwada birki, kuloci da sitiyari a fili. Idan ɗaya ya gaza, kada a hau da injin, a ja ta da winci.

6. Ɗaure duk abin da ke lilo: murfin inji, batir, kujera, salansa.

WURIN LODI DA TSANIN HAWA

Zaɓi wuri mai ƙasa tauri, shimfiɗaɗɗe, nesa da wayar lantarki da gefen rami. Kada a yi lodi a cikin ruwan sama ko da duhu. A kori yara da 'yan kallo zuwa nesa. Mutum ɗaya tak zai riƙa ba da umarni, ya tsaya inda direba ke ganinsa, kuma a yarda da alamun hannu tun kafin a tayar da inji, domin ƙarar tarakta na hana jin magana.

Tirela ta kasance a haɗe da motarta. A ja hambirki, a sa waigi a tayoyin tirela gaba da baya, a sa a tayoyin gaban motar ma. Sannan a tokare ƙarshen tirela da gungume. Dalili shi ne, da zarar tarakta ta taka bayan tirela, nauyinta zai danna bayan, wuyan tirela ya ɗaga, ya ɗage tayoyin bayan mota daga ƙasa. Tun da a tayoyin baya hambirki yake, mota da tirela da tarakta duk sai su gangara tare.

Gangarar tsani kada ta wuce digiri 15. Hanya mai sauƙi ta auna wannan ita ce, tsawon tsani ya kai tsayin daɓe sau huɗu. Idan tsayin daɓe daga ƙasa santimita 60 ne, tsani ya kai mita 2.4. Idan mita 1 ne, tsani ya kai mita 4. Ka lura cewa digiri 15 ya riga ya wuce digiri 11 da ƙarfe ke zamewa a kan ƙarfe. Saboda haka tsanin ƙarfe tsirara bai isa ba komai tsawonsa. A rufe shi da falanki ko roba mai kauri, a ɗaure da noti, kada a aza kawai. A maƙale kan tsani a jikin tirela da fil ko sarƙa, a tokare tsakiyarsa da gungume.

Inda babu tsani mai inganci, dabarar da direbobinmu suka saba ita ce mafi aminci: a gina tudun lodi. A sami gefen tudu, ko a haƙa rami mai gangara wanda tirela za ta shiga da baya har daɓenta ya yi daidai da ƙasa. A daddale bakin tudun da jar ƙasa ko marmara, a shimfiɗa falankai a kan tazarar da ta rage. Ya kamata kowace ƙungiyar manoma mai hayar tarakta ta mallaki irin wannan tudu na dindindin.

HAWA DA WINCI

Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da ƙafar ƙarfe, domin babu kowa a kan kujera, kuma ƙafafun ba za su yi ta juyawa a wuri ɗaya ba.

Tarakta mai kilo 2,500 a kan gangarar digiri 15 tana buƙatar jan kimanin kilo 650 saboda gangarar kaɗai. Turjiyar haƙora da tsatsar da ke cikin ƙafafu za su ƙara a kan haka, wani lokaci sosai. Don haka zaɓi wincin da ƙarfinsa bai gaza nauyin taraktar gaba ɗaya ba. Cen bulok da makanikai ke ɗaga inji da shi, don ɗagawa sama aka yi shi, bai dace da jan kwance ba.

1. Daidaita tarakta ta fuskanci tsani sosai, ka miƙe sitiyari ka ɗaure shi.

2. Sa giya a firi, ka rufe mai. Wannan na da muhimmanci, domin tsohuwar tarakta mai magneto, da mai gas ma, tana iya tashi da kanta idan aka ja ta tana cikin giya.

3. Ɗaura waya a ƙasa-ƙasa, a tsakiya, a jikin ƙashin tarakta ko wurin ja da aka tanada.

4. Jefa tsohon bargo ko buhu mai nauyi a kan tsakiyar wayar. Idan ta tsinke, zai rage mata ƙarfin bulala.

5. Ja a hankali. Mutane biyu su riƙa bin ƙafafun baya da waigi, suna tsaye a gefe. Kada kowa ya tsaya a bayan tarakta, ko tsakaninta da winci, ko ya tsallake waya.

6. Idan ta karkace, tsaya, sa waigi, sassauta, gyara, sannan a ci gaba.

HAWA DA INJIN TARAKTA

Idan babu winci, kuma birki da kuloci lafiya suke, ƙwararren direba ne kaɗai zai hau da ita. Ya hau da ribas, wato ƙafafun baya su riga zuwa sama. Ta haka ɓangare mai nauyi na saman gangara, ƙarfin injin kuma na danna gaban tarakta ƙasa maimakon ya ɗaga shi. Ya sa totur ƙasa, ya tafi da gudu ɗaya, kada ya canza giya ko ya taka kuloci a tsakiyar tsani. Idan ƙafa ta fara zamewa, kada ya ƙara wuta. Ya tsaya, a sa waigi, a dawo da ita ƙasa, a gyara shimfiɗa. Idan taraktar na da ƙarfen kariya a saman kujera, ya ɗaura bel.

Na taɓa halartar wani lodi a bakin wata fadama inda aka aza falankai biyu ba tare da an ɗaure su ba. Haƙoran keji suka kama falankin hagu suka watsa shi baya kamar an harba, tarakta ta faɗi a gefe ɗaya, aksul ɗin gaba ya karye. Allah ya kiyaye direban, amma manoman da ke jiran ta sai da suka koma ga fartanya a shekarar. Noti huɗu da sun hana wannan asara.

INDA TARAKTA ZA TA TSAYA A KAN TIRELA

Ga tirelar da ake ja da mahaɗi a bayan mota, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na jimillar nauyi ya kamata ya sauka a kan mahaɗin. Misali, tarakta mai kilo 2,500 a kan tirela mai kilo 1,000 sun zama kilo 3,500. Nauyin da zai danna mahaɗi ya kasance tsakanin kilo 350 da 525. Idan ya gaza haka, tirela za ta riƙa wutsiya a kan hanya har ta kayar da mota. Idan ya zarce, gaban mota zai yi sauƙi, sitiyari da birki su rage kamawa.

Cibiyar nauyin tarakta tana gaban aksul ɗin baya kaɗan, kimanin kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin ƙafafun baya da na gaba. Tsayar da wannan wuri ɗan gaba da tsakiyar tayoyin tirela. Duba da ido: bayan mota ya ɗan sauka, tirela ta kwanta daidai. Tazarar hagu da ta dama su zama ɗaya. A ƙarƙashin kowace ƙafa a sa roba ko falanki, kuma ƙafafun baya su zauna a saman ƙarafan da ke tallafe daɓe.

ƊAURE SARƘA

Ƙa'idar ɗaure kaya ta Amurka da ta Turai sun yi daidai a kan cewa ɗauri ya iya jure kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya zuwa gaba, da kashi 50 zuwa baya, da kashi 50 zuwa kowane gefe. Ga tarakta mai kilo 2,500, taka birki da ƙarfi na tura ta gaba da ƙarfin kilo 2,000. A kan daɓen ƙarfe riƙo zai tare kilo 500 kawai, a kan katako kilo 1,000, a kan roba kilo 1,500. Wannan ma sai idan ƙafafun a kulle suke. A hanya mai gargada kuwa, duk lokacin da tarakta ta yi tsalle riƙon ya ɓace. Saboda haka ka zaɓi sarƙa kamar babu riƙo ko kaɗan.

1. Kulle birki, sa giya mafi ƙanƙanta, kashe inji, rufe famfon mai, cire makulli da kan batir.

2. Sa waigi gaba da bayan ƙafafun baya, ka kafe su da ƙusa a jikin daɓe.

3. Yi amfani da sarƙa huɗu, kowace kusurwa da tata. Sarƙa ɗaya da aka zagaya gefe biyu, idan ta saki, gefe biyun sun saki.

4. Sarƙoƙin baya su ja zuwa baya da waje, na gaba su ja zuwa gaba da waje. Na ƙarshen tirela su ne ke tare tarakta yayin birki, don haka mafiya ƙarfi su tafi can.

5. Kusurwar sarƙa da daɓe kada ta wuce digiri 45. A wannan kusurwa kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarfinta ne ke tare zamewa. Sarƙa biyu masu milimita 8 za su ba da kusan kilo 3,000, kuma karkatarsu zuwa waje zai ɗan rage wannan, amma ya isa tare kilo 2,000. Sarƙar da ta miƙe tsaye tana danna tarakta ƙasa ne kawai.

6. Ɗaura a jikin ƙarfen jan kaya na baya, ko gidan aksul, ko ƙashin tarakta. Guji sandar sitiyari, lagireto, bututun mai, da siraran ƙarafan cikin wili. Tsohon ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi.

7. Maɗauri mai juyawa ya fi mai liba aminci. Idan mai liba kake da shi, kada ka ƙara masa tsawo da bututu, kuma kada fuskarka ta kasance a kan hanyarsa. Bayan ka rufe shi, ɗaure hannunsa da waya.

8. Ɗaure tsani, ƙafafun keji da sauran kaya, kowanne da nasa ɗaurin.

A KAN HANYA

Auna tsayin lodi daga ƙasa zuwa ƙololuwar salansa ko rumfa, ka rubuta wa direba. Wayoyin lantarki a cikin garuruwa da ƙauyuka sukan yi ƙasa. Idan wani abu ya fito ta gefe ko ta baya, ɗaura jan ƙyalle. Idan faɗin lodi ya zarce na tirela sosai, tuntuɓi jami'an duba motoci ko Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kafin tafiya.

Littafin dokokin hanya na Nijeriya ya ƙayyade wa tirela gudun kilomita 45 a sa'a a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. A hanyar ƙauye ka rage ƙasa da haka sosai. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata na ninkawa sau huɗu. Rage gudu kafin shiga kwana, ka sauka gangara da ƙaramar giya. Idan tirela ta fara wutsiya, ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka danna birki da ƙarfi. Bayan ta lafa, tsaya ka matsar da lodi gaba.

A Amurka doka ta wajabta duba ɗauri cikin kilomita 80 na farko, sannan bayan kowace sa'a 3 ko kilomita 240. Ga ƙafar ƙarfe a hanyoyinmu, ka tsaya bayan kilomita 5 zuwa 10 na farko, domin haƙora na nutsewa cikin katako, sarƙa ta yi sako-sako. Ka sake dubawa bayan kowace muguwar gargada. Kada kowa ya zauna a kan tarakta ko a daɓen tirela, ko yaron mota ne. Idan haɗari ya auku, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

SAUKEWA

Gajiya da ɗokin isowa kan sa a yi sakaci a nan. Shirya wuri kamar yadda ka shirya na lodi: ƙasa daidai, waigi a tayoyi, gungume a ƙarƙashin bayan tirela, tsani a maƙale. Kafin ka kwance komai, zagaya ka duba ko tarakta ta gusa. Sarƙar da ta yi tauri fiye da sauran alama ce tarakta na jingine da ita. Maƙala winci ka ja shi ya yi tauri, sannan ka kwance sarƙoƙi, waigi ya zama na ƙarshe. A saki winci a hankali. Kada a tura tarakta ta gangaro da kanta da fatan birki zai tsayar da ita. Idan da inji za a sauko, a yi da giya mafi ƙanƙanta, ba tare da taka kuloci ba.

KAMMALAWA

Kai malamin gona, kafin damina ta sauka ka tara direbobin tarakta da shugabannin ƙungiyoyin manoma na yankinka, ku yi gwajin lodi sau ɗaya a fili, kowa ya ga inda ake sa waigi da inda ake ɗaura sarƙa. Ka taimaka musu su gina tudun lodi, su sayi sarƙa huɗu masu lamba, su ajiye su don wannan aiki kaɗai. Kai kuma manomi, idan mai mota ya zo da igiya da guntun falanki yana gaggawa, kana da ikon cewa a dakata. Rigakafi ya fi magani. Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona mafi kusa da kai ko sashen injiniyoyi na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiharka.